Tsaga Uku a Jikin Makunni

Auta: Salamu alaikum. Yaya, kina ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Ina jin ki, Auta, amma kamar daga cikin rijiya. Ina kwana?

Auta: Lafiya lau. Kin sauka lafiya jiya? Ya gajiyar hanya?

Yaya: Ba gajiya. Motar ce dai ta tsaya mana sau uku, sai yamma lis na iso gidan Mama.

Auta: Sannu. Ya kika baro maigidan da yara?

Yaya: Lafiya ƙalau, suna gaishe ki. Ya naki mutumin? Ya aiki?

Auta: Da godiya. Ya kika samu Mama? Ya idon?

Yaya: Da sauƙi dai za a ce. Tana ganin haske, tana ganin inuwar mutum in ya gifta, shi ke nan. Aikin da aka yi mata bai ƙara komai ba.

Auta: Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya: Amin. Ke ina kike ne haka? Hayaniya kamar tasha.

Auta: Kasuwa na ɗan shigo.

Yaya: Da safen nan? Aikin fa?

Auta: Na nemi uzuri. Yaya, kin karya kuwa?

Yaya: Auta, tunda aka haife ki ba ki taɓa tambaya ta ko na karya ba. Faɗi abin da ke bakinki.

Auta: Kin shiga kicin?

Yaya: Na shiga.

Auta: To?

Yaya: To me? Na ga sabon murhunki na gilashi, baƙi wuluk, yana walƙiya. Har fuskata na gani a ciki, na gyara ɗankwali.

Auta: Yaya, don Allah ban da ba'a.

Yaya: Ba ba'a nake ba. Murhun da aka yi sati biyu ana girki a kai ba ya walƙiya haka. Ko ɗigon mai babu. Ledar da ya zo da ita tana nan manne a kusurwa.

Auta: Na gani.

Yaya: Me kika ce? Layin ya ɗan yanke.

Auta: Na ce na gani. Ranar Lahadi da na je na ga ledar.

Yaya: Kin gani, kika yi shiru?

Auta: Na tambaye ta, Mama ya murhu? Ta ce madalla da shi, Allah ya yi albarka. Na san ba gaskiya ba ne, amma abin da nake son ji ke nan, sai na ɗauki jakata na tafi. Tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Yaya: Ita ma ba ya mata, don ba ta samunsa. Kin san me take ci?

Auta: Ina jin tsoron tambaya.

Yaya: Burodi da shayi. Maƙwabciya ce ke tafasa mata ruwa ta cika fulas safe da yamma. In ta kawo mata abinci sai ta ce ta riga ta ci, don kada a ce 'ya'yanta sun bar ta da yunwa. Zaninta ma ya yi mata yawa, sai da ta ƙara ninki.

Auta: Innalillahi. Amma na nuna mata yadda ake kunnawa. Sau uku na nuna mata. Na sayo tukwane biyu sababbi, tunda nata na dalma ba sa aiki a kansa.

Yaya: Kin nuna wa mai ido. Jiya na ce ta gwada a gabana. Kin san Mama da hannu take gani yanzu. Sai ta shafa gilashin tana neman inda za ta ɗora tukunya. Shi kuma duk inda yatsa ya taɓa, ɗauka yake umarni aka ba shi. Ta shafa nan ya yi tit, ta shafa can ya yi tit-tit, kafin ta sami wurin tukunya ya kulle kansa.

Auta: Wannan kullen na yara ne, in aka danna aka riƙe...

Yaya: A danna ina? Gilashi ne sumul kamar faranti, ba tudu ba rami. Ni mai ido biyu sai da na kunna fitilar waya na sunkuya kafin na ga ɗan zanen makullin. Ta tsaya a gabansa ta haɗa hannu a baya, ta ce min, abin nan ba ya son a taɓa shi. Wallahi sai na juya na yi kamar ina neman cokali.

Auta: Ni na jawo. Mai shagon ya ce shi ne ya fi dacewa da tsofaffi, ba harshen wuta, ba hayaƙi, ba warin gas, in aka ɗauke tukunya ya mutu da kansa. Ni abin da nake gani a raina kawai hannun rigarta da ya kama da wuta kwanaki tana girki. Sai na ce tunda tana gidan babban wanmu Yaya Akawu tana jinya, bari in canza kafin ta dawo, ta zo ta tarar da abin mamaki.

Yaya: Ta kuwa tarar.

Auta: Ban tambaye ta ba, Yaya. Shekara nawa tana girki a kicin ɗin nan, ban tambaye ta ko kalma ɗaya ba.

Yaya: Bari, ba ke kaɗai ba ce. Zancen rigar nan wa ya fitar da shi? Ni ce. Ta kama hannuna ta ce kada in faɗa wa kowa, ɗan bakin hannun ne kawai ya babbake, ta kashe da tsumma. Ban kai gida ba na kira babban wanmu na zayyana masa, har da ƙarin gishiri. Shi ya tayar da hankalinki.

Auta: Ya ce min saura kaɗan gidan ya tashi.

Yaya: Haka na faɗa masa. Kuma abin da ban faɗa ba, ba laifin murhu ba ne. Kantar gishiri da yaji tana bayan murhun, sai ta miƙa hannu ta saman wuta take ɗaukowa. Ƙusa huɗu za a cire a mayar da kantar gefe, magana ta ƙare. Na sani tun ranar, amma tsoro ya fi min saurin fita daga baki.

Auta: Yanzu ya san halin da ake ciki?

Yaya: Wa?

Auta: Yaya Akawu.

Yaya: Ai shi ne babban zancen. Maƙwabciya ta kira shi shekaranjiya. Ya ce ranar Asabar zai zo da mota. In ya tarar ba ta iya dafa wa kanta ko ruwan zafi, zai kwashe ta ta koma wurinsa gaba ɗaya, a rufe gidan nan.

Auta: Benen nan, hawa na uku? Ɗakin nan da tagarsa ke kallon bango?

Yaya: Shi. Ba don mugunta ba, kin san shi, komai sai ya shiga layi kamar takardun ofis. Amma sati ɗaya ta yi a can, ta ce ko kofi ba a barin ta ta ɗauka. A zaunar da ita, a kawo, a kwashe. Ta ce min in aka mayar da ita can, a ɗauka an gama da ita.

Auta: Yau Laraba.

Yaya: Yau Laraba. Don haka ki saurare ni. Abu mai sauƙi ne. Tsohon murhunta na gas da kika ce kin ajiye a sito a gidanki, ki sa a mota ki kawo gobe. Tukunyar gas ɗin tana nan a bayan ƙofa, na ɗaga ta, da sauran nauyi. Mu mayar da kanta gefe, shi ke nan.

Auta: Yaya, ina gaban shagon da na sayi na gilashin.

Yaya: Mayarwa za ki yi? Wannan daga baya ne. Ki kawo tsohon tukuna.

Auta: Ina so mu duba wasu ne. Akwai iri-iri a nan, ga na lantarki mai faranti, ga...

Yaya: Mu duba wasu don me? Auta? Kin yi shiru. Layi ne ko ke ce?

Auta: Ni ce.

Yaya: Ina tsohon murhun?

Auta: Babu shi.

Yaya: Kamar yaya babu shi?

Auta: Ranar da aka haɗa sabon, mai sayen tsoffin ƙarafa ya wuce ta ƙofar gida da kurarsa. Murhun yana tsakar gida, duk ya yi baƙi, ƙafa ɗaya ta lotsa. Na ce ya ɗauka. Ko sisi ban karɓa ba, har godiya na yi masa da ya rage min shara.

Yaya: Da makunnan a jiki?

Auta: Da komai.

Yaya: Auta, kin san abin da ke jikin makunnan nan?

Auta: A lokacin na manta, wallahi na manta. Sai da dare ya yi ina wanke hannu, na murɗa famfo, kawai abin ya faɗo min. Tsagar Baba.

Yaya: Tsaga uku. Da idonta ya fara rauni, ya zauna a bakin ƙofar kicin da magagari, ya cire makunnan ya yi wa kowanne tsaga uku a baki, don tana murɗawa tana ƙirgawa da babban yatsa. Ta farko wuta mai ƙarfi ta tafasa ruwa, ta biyu ta miya, ta uku ƙarama ta turara shinkafa. Aikin hannunsa na ƙarshe ke nan a gidan nan.

Auta: Na sani, ina wurin. Ni na riƙe masa faranti yana tara garin da ke zuba. Washegari na bi unguwa ina neman mai kurar, har wurin da suke tara ƙarafa na je. Suka nuna min tudu ya fi gida tsawo, suka ce babbar mota ta riga ta kwashi na jiya. Da Mama ta tambaya sai na ji bakina ya ce yana sito.

Yaya: Kullum sai ta ambace shi. Jiya ma ta ce, ai nawa yana wurin Auta a ajiye.

Auta: Ki zage ni, Yaya. Zai fi min sauƙi.

Yaya: Ba ni da bakin zagin ki, ni na kunno wutar. Share hawayenki, kina tsakiyar kasuwa. Mai shagon yana kusa?

Auta: Ga shi yana kallo na.

Yaya: To faɗa min abin da yake da shi, ɗaya bayan ɗaya. Amma duk wanda za ki ambata, rufe idonki ki taɓa shi tukuna.

Auta: In rufe ido a cikin shago?

Yaya: Da kin rufe tun farko da ba mu zo nan ba. Rufe.

Auta: To. Malam, yi haƙuri, bari in taɓa wannan. Yaya, ga na lantarki mai faranti biyu na ƙarfe. Yana da makunni na murɗawa, yana yin ƙas-ƙas a kowane mataki. Ba harshen wuta. Tukwanenta na dalma ma za su yi a kai.

Yaya: Yana ƙara in yana ci?

Auta: Malam, yana ƙara? Ya ce shiru yake, sai dai ɗan jan haske da ke nuna yana kunne.

Yaya: Jan hasken da ba za ta gani ba. In an kashe, nan take yake hucewa?

Auta: Ya ce yana ɗaukar kamar minti ashirin da zafinsa.

Yaya: Matar da ke neman wurin tukunya da tafin hannu? Za ta ɗora hannu a kan faranti mai zafi. Kuma in aka ɗauke wuta tana tsakiyar girki, ta manta shi a kunne, a dawo da wutar tana barci fa? Wuce.

Auta: Ya ce akwai irin na gilashin mai makunnin murɗawa, amma sai an yi oda, wata guda.

Yaya: Wata guda tana hawa na uku tana kallon bango. Kuma tukwanen nan naki masu gindin ƙarfe, na ɗaga ɗaya ba komai a ciki, sai da wuyan hannuna ya amsa. Wuce.

Auta: Saura na gas. Ga mai kai huɗu, biyu gaba biyu baya.

Yaya: A'a. Duk abin da zai sa ta miƙa hannu ta saman wuta, ban da shi. Mai kai biyu a jere, kamar nata.

Auta: Akwai. Amma Yaya, tsoro nake ji. Gas ne fa. In iska ta kashe wutar yana ta fita ba ta sani ba? In wani abu ya same ta, ni na sake zaɓa.

Yaya: Mama tana jin hucin gas daga ɗaki. Da kunne take gane ko wuta ta yi yawa. Amma tambaye shi, na ji ana yin wanda yake tsayar da gas da kansa.

Auta: Malam, akwai wanda in wutar ta mutu yake yanke gas? Ya ce akwai, ga shi. Akwai wani ɗan tsinke a gefen kan, in ya daina jin zafi sai ya rufe hanyar. Kuma ba sai da ashana ba, ana danna makunnin a murɗa ya kama.

Yaya: Rufe ido ki murɗa.

Auta: Na rufe. Makunnin babba ne, yana cika hannu. Na danna, yana yin ƙyat-ƙyat-ƙyat. Ƙarfen da ake ɗora tukunya yana da yatsu huɗu, hannuna ya same su nan da nan. Yaya, wannan ana jin sa.

Yaya: Tsakanin babbar wuta da ƙarama fa?

Auta: Sumul yake tafiya. Ba abin da ke gaya wa hannu inda aka tsaya.

Yaya: To kin ji. Nan ne tsagar take aiki.

Auta: Yaya, an turo min saƙo katina ya kusa ƙarewa. In ɗauka? Kuma me zan ce mata in ta ga ba nata ba ne? In ce tsohon ya lalace a sito?

Yaya: Ƙarya ta biyu a kan ta farko? Ni ba zan... Tsaya. Mama, kin tashi? A hankali, ga kujera a gabanki. Eh, ita ce. Auta, ta ce in ba ta.

Auta: Yaya, kada ki ba ta yanzu, ban shirya...

Mama: Auta.

Auta: Na'am, Mama. Ina kwana? Ya jiki?

Mama: Lafiya lau, 'yar nan. Ya mai gidan naki? Kin karya?

Auta: Na karya, Mama.

Mama: Muryarki ba ta ce haka ba. Yayarki tana ta ƙus-ƙus a bakin kicin tun ɗazu, ta ɗauka kunnen ma ya tafi tare da idon. Ki ji, kada ki sa damuwa a ranki. Murhun nan da kika saya min mai kyau ne. Kullum da safe sai na goge shi.

Auta: Mama, ki daina. Na san ba kya girki. Na gani tun Lahadi na yi shiru.

Mama: Ni ma na ji kin gani. Kin tsaya a kansa kin daɗe ba ki ce komai ba. To ba laifi, ni da shi ne jininmu bai haɗu ba. Yanzu abu ɗaya nake so. In tsohon ya yi miki nauyin ɗauka, bar shi. Ki zare min makunnan nan biyu kawai, ja ake yi su fita, ki sa a jaka ki taho da su. Ko a wane murhu aka sa su, zan gane hanyata.

Auta: Mama...

Mama: Ina jin ki.

Auta: Ba ya sito. Bai taɓa shiga sito ba. Na ba mai sayen ƙarafa tun kina gidan Yaya Akawu. Da makunnan. Na bi shi ban same shi ba, na zo na yi miki ƙarya.

Auta: Mama? Kina ji na?

Mama: Ina ji.

Auta: Ki ce wani abu.

Mama: A tsaga ta biyu ubanku ya yanke yatsa. Ya ɓoye hannun a aljihu, wai kada in sani, ni kuwa na ji ya ja numfashi. Duk sanda na ɗora miya sai na tuna.

Auta: Na cuce ki, Mama.

Mama: Kin yi min ciwo, ba zan ce ba ki yi ba. Amma zama in yi kukan makunni ba zai hana wanku zuwa da mota ranar Asabar ba. Wanda kike taɓawa ɗazu, mai ƙyat-ƙyat, na ji shi ta waya. Kai biyu ne?

Auta: Biyu ne, a jere.

Mama: Ɗauko shi. Layin da kike, ana sayar da kayan aikin ƙarfe?

Auta: Akwai shago a gaba kaɗan.

Mama: Ki sayo magagari, ƙarami, mai bakin siriri. Ke kika riƙe wa ubanku faranti, kin ga yadda ake yi. Gobe za ki zauna a bakin ƙofar kicin ki yi tsagar da hannunki. Ni zan kunna wutar in saurara, in ta kai inda nake so in ce miki nan.

Auta: In na ɓata fa?

Mama: Shi ma sai da ya ɓata ɗaya. Ki taho da shinkafa mudu guda, ranar Asabar ni zan dafa wa wanku abin da zai ci, yana zaune yana kallo.

Auta: To, Mama. Zan zo da sassafe. Mama, don Allah ki yafe m

Mama: Auta? Auta? Ungo wayarki, ta yi shiru. Ta dai ji magagari ƙarami na ce, ko?